Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumomin Birane da Ƙungiyoyin Likitocin Dabbobi Kan Halin da Karnuka da Kuliyoyi Ke Shiga a Lokacin Bukukuwa

Masu girma shugabanni, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a matsayina na wanda ya yi shekaru yana aikin sa-kai a gidan da ake tsugunar da karnukan da aka tsinta a titi. Na haɗa ku a wasiƙa ɗaya da gangan, domin maganar da nake tafe da ita ta faɗa tsakaninku ne, rabinta a hannun masu iko da tituna da dokokin gari, rabinta a hannun masu sanin jikin dabba, kuma duk shekara sai kowane ɓangare ya zuba ido yana jiran ɗayan ya fara. Wahalar da dabbobin gida ke sha a lokacin bukukuwa ba ta zuwa da ba-zata, ranakunta a rubuce suke a kalanda tun farkon shekara, kuma mafi yawan karnukan da ke cika mana ɗakuna bayan biki, kafin bikin suna da gida da mai ba su abinci.

Bari in fara da wata karya da ba na mantawa. Da safiyar ranar farko ta wata sabuwar shekara aka kira mu cewa ga dabba nan maƙale a bayan tarin tsofaffin tayoyi, ta ƙi fitowa. Da muka je muka same ta tana karkarwa, fatar tafin ƙafafunta na gaba ta saluɓe saboda gudu a kan kwalta, ga guntun igiya a wuyanta wanda da gani tsinke shi ta yi da ƙarfi. Jikinta sumul yake, an yanke mata farce bai fi kwana goma ba, kuma da ta ɗan natsu na ɗaga hannu sai ta zauna, alamar akwai wanda ya ɓata lokaci ya koya mata. Ba ɓatacciyar titi ba ce, ta gidan wani ce, kuma na tabbata a wannan safiyar yana can yana zagaye unguwa yana kiran sunanta. Amma babu lamba a wuyanta, babu wata shaida a jikinta, babu kuma ofishin da shi da mu za mu haɗu a kai. Wata takwas ta yi a hannunmu, mai ita bai taɓa samun labarinta ba.

Abin da ya kore ta daga gida shi ne wasan tartsatsin wuta na daren sabuwar shekarar. Wanda bai taɓa zama da kare a irin wannan dare ba zai iya ɗauka shagwaɓa ce, to ba haka ba ne. Kunnen mutum yana tsayawa ne a sautin da bai wuce haz 20,000 ba (haz shi ne ma'aunin sirantakar sauti), na kare yana haura 40,000, na kyanwa kuwa yana kaiwa wajen 64,000, kuma dukansu suna jin ƙaramin motsi daga nesan da mu ba ma ji. Fashewar manyan wutar wasa kan kai desibel 150, a ma'aunin ƙarfin ƙara, a kusa da inda aka harba ta. Sai dai ƙarfin ƙarar ba shi ne kaɗai matsalar ba. Hadari kafin ya yi tsawa yakan ba da alama, iska ta sauya, gari ya yi duhu, dabba ta nemi maɓoya. Wutar wasa kuwa ba ta da sallama, tana tashi daga gabas, a yi shiru, ta tashi daga yamma, ga walƙiya ga ƙaurin albarushi, dabbar ba ta san inda abin yake ba balle ta san inda za ta guje masa. A nan ne kare mai hankali yake tsallake katangar da bai taɓa tsallakewa ba, ko ya fasa gilashin taga, ko ya faɗa gaban mota. Tsoron kuma ba ya raguwa da shekaru idan an bar shi, ƙaruwa yake yi, har ta kai kare yana firgita da bugun ƙofa.

Ban zo in roƙi a hana jama'a murna ba, kuma na san ko na roƙa ba za a saurare ni ba. Roƙona ga hukumomi shi ne a sa wa abin lokaci, a kuma sanar da lokacin tun da wuri. Mai dabba yana iya kare dabbarsa daga ƙarar da ya san za ta fara ƙarfe kaza ta ƙare ƙarfe kaza, amma ba ya iya kare ta daga wadda ake yi kwana goma kafin biki da kwana goma bayansa, kowa a lokacin da ya ga dama. Wannan ba sabon tunani ba ne. A Birtaniya dokar wutar wasa ta 2004 ta hana harbawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa ƙarfe 7 na safe, in ban da wasu darare ƙalilan da aka ambata da suna, kamar daren sabuwar shekara da aka ba da dama zuwa ƙarfe 1, kuma wutar da ake sayar wa jama'a a can ba a yarda ƙararta ta wuce desibel 120 ba. Akwai kuma irin wutar da ke ba da haske da launi ba tare da babbar fashewa ba, wadda hukuma za ta iya zaɓa a bukukuwan da ita kanta ke shiryawa, tun da bai dace mai kafa doka ya zama shi ne ya fi kowa ƙara a gari ba. Wanda zai amfana da wannan tsari ba kare kaɗai ba ne, akwai jarirai da tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda suka taɓa ganin yaƙi, amma wannan ba shi ne abin da ya kawo ni ba.

Ku kuwa likitoci, ƙorafina a kanku shi ne kuna da ilimin amma kuna ajiye shi sai an zo an tambaya, alhali wanda ya fi buƙatarsa shi ne wanda bai san akwai abin tambaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saba wa kare da ƙara ta hanyar kunna masa sautin a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ana haɗawa da abin da yake so, aiki ne na makonni ko watanni, ba na yammacin ranar biki ba. Ya kamata jama'a su ji daga bakinku, a rediyo da allunan asibitocinku, cewa a fita da kare ya zaga tun rana ba ta faɗi ba, a shigar da shi ciki, a rufe tagogi a saki labule, a bar shi ya ɓuya inda ya zaɓa ko da ƙarƙashin gado ne, kada a jawo shi, kada a yi masa tsawa, kada kuma a ɗaure shi a waje inda zai iya shaƙe kansa da igiya. Sannan akwai maganar da ku kaɗai za ku iya gyarawa. Har yanzu ana ba karnuka maganin asefuromazin a irin wannan dare domin su yi laushi, alhali shi jiki yake kashewa, ba ya cire tsoro, sai dabbar ta kwanta tana jin komai ba ta iya motsi. Mai ita yana ganin ta natsu, ita kuwa ta fi kowane dare shan azaba. Akwai magungunan da ke rage fargabar kanta, kuma ƙungiyoyinku ne ya kamata su fito su faɗi bambancin a fili.

Duk da haka, komai tsari sai wani kare ya tsere, kuma a nan ne maganar shaida ta shigo. Abin wuya mai lambar waya shi ne mafi sauƙi, domin duk wanda ya tsinci dabbar zai iya karantawa, sai dai yana tsinkewa, kamar yadda igiyar waccan karyar ta tsinke. Wanda ba ya tsinkewa shi ne ɗan ƙwayar shaida da ake sawa da allura ƙarƙashin fata, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ba shi da batir, yana ɗauke da lamba 15 da na'ura ke karantawa. Mutane da yawa suna ɗauka yana nuna inda dabba take, to ba ya nunawa, lamba ce kawai, kuma lambar ba ta da amfani sai akwai rajistar da aka rubuta sunan mai dabbar da wayarsa, sai kuma akwai na'urar karantawa a hannun wanda ya tsince ta. Ingila ta wajabta shi ga karnuka tun watan Afrilu na 2016, ta ƙara da kuliyoyi a watan Yuni na 2024. Ban ce kowace hukuma ta fara da tilas ba, domin dokar da talaka ba zai iya bi ba hanyar karɓar tara ce kawai. A fara da rajista ɗaya tak, da na'ura a kowane asibitin dabbobi da kowane gidan tsugunarwa, da lambar waya ɗaya da mai cigiya da mai tsintuwa za su kira. Da akwai wannan lambar a waccan safiyar, da kafin azahar karyar ta koma gida.

Haɗari na biyu a kan tebur yake, kuma yawanci ƙauna ce ke kawo shi. Gida ya cika da baƙi, abinci ya yi yawa, kowa yana jefa wa kare abin da ke hannunsa. Cakulan yana ɗauke da sinadarin tiyobiromin, wanda jikin mutum ke fitarwa da sauri, amma a jikin kare sai an yi kusan awa 17 kafin rabinsa ya fita, yana sa amai da bugun zuciya da farfaɗiya, kuma gwargwadon baƙinsa gwargwadon haɗarinsa. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya tsayar da ƙodar kare, abin tsoron kuma shi ne ba a san adadin da za a ce ba ya cutarwa ba, wani kare ya ci da yawa ya tsira, wani ya ci kaɗan ya kwanta. Albasa da tafarnuwa, ko dafaffu ne ko garinsu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma alamar ba ta bayyana sai bayan kwanaki, lokacin da kowa ya manta abin da aka ba shi. Zailitol, abin zaƙin da ake sawa a cingam da alewar da aka ce ba ta da sukari, yana sa jikin kare ya zubo insulin da yawa, sukarin jininsa ya faɗi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, wani lokaci har hanta ta lalace. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya zama tsinke ya huda hanji, duk da cewa kusan kowa ya tashi da tunanin ƙashi abincin kare ne. Kyanwa ita ma tana da nata rabon: furen lili da ake kawowa gida don ado yana kashe mata ƙoda ko da garin furen ta lasa daga gashinta, zare da kyalkyalin ado kuwa idan ta haɗiye sukan tattare mata hanji su yanka shi.

Na taɓa riƙe wani ƙaramin kare a mota da tsakar daren biki, ya ci rabin kwalin cakulan da yara suka bari a ƙasa, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna kamar za ta fito, muka zaga asibitoci uku duk a kulle, babu ko takarda a ƙofa da ke nuna inda za a je. Ya rayu, amma ba don tsarin kowa ba. A irin wannan guba awa biyun farko su ne masu tsada, domin a cikinsu ne sa dabba ta yi amai a hannun likita ke da amfani sosai. Idan mutum bai sami likita ba sai ya koma ga dabarar gida, ya ɗura wa kare ruwan gishiri, wanda shi kansa guba ne, ko ya ba shi ibufurofen ya ci masa ciki da ƙoda, ko ya ba kyanwa farasitamol, wanda ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Likita ɗan Adam ne, yana da iyali, yana da hakkin hutu, ban musa ba. Amma ƙungiyarku za ta iya raba kwana tsakanin asibitoci, a buga jadawalin, a liƙa a kowace ƙofa, hukuma kuma ta taimaka wajen yaɗa shi.

Maganar tafiya gajeriya ce. Masu barin gari su bar dabba da tulin abinci da bokitin ruwa su sani bokiti yana kifewa tun ranar farko, masu tafiya da ita kuma su sani kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka motar da aka kulle a rana tana iya hallaka shi cikin mintuna ko an ɗan sauke gilashi.

Abin da ya fi cika mana gida kuwa ba ya zuwa washegarin biki, sai bayan wata uku zuwa shida, wato kwikwiyon da aka bayar kyauta. Yaro ya gani ya yi sha'awa, aka saya masa, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya aka ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni kwikwiyo ya zama kare, yana tauna takalma, yana haushi da dare, yana buƙatar allura da abinci da mai fita da shi, ga makaranta ta koma, sai a buɗe masa ƙofa ko a kai shi nesa a sauke. Kare yana rayuwa shekara goma zuwa goma sha biyar, wanda aka ba shi kyautar kuwa ba a tambaye shi ko ya shirya ɗaukar wannan nauyi ba. Tun 1978 wata ƙungiyar kula da karnuka a Birtaniya, wadda yanzu ake kira Dogs Trust, take jan kunnen jama'a cewa kare na tsawon rai ne ba na Kirsimeti kaɗai ba, kuma har yau ba ta daina ba, abin da ke nuna cewa wa'azi shi kaɗai bai isa ba. Inda kasuwa ta buɗe, masu kiwo don riba sukan raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas, ba allura ba magani, irin waɗannan ne ke tasowa da tsoro da cizo. Shi ya sa a 2020 Ingila ta hana dillalai sayar da 'yan kwikwiyo, sai dai a saya kai tsaye daga wanda ya kiwata uwar ko a ɗauko daga gidan tsugunarwa. Hukumar da ke ba shaguna lasisi tana da ikon yin makamancin haka. Ga mai niyyar kyauta kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an sha faɗa mini a fuska: ana fama da mutane, wa ke ta kare? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta tana cikin alƙaluman lafiyar mutanen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. Karen da aka yasar bayan biki ba ɓacewa yake yi ba, yana shiga garken titi, karya kuma tana ɗaukar ciki na kwana 63 kacal, tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Abin da hukumomi da yawa suka saba yi idan ƙorafi ya yi yawa shi ne su fito da guba ko bindiga, wanda ihu ne bayan hari. Muddin shara da ragowar abinci suna nan, wasu karnukan za su shigo su cike gurbin, ga shi kuma gubar ba ta bambance wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, har da na gida da kuliyoyi take kwashewa. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi, a ci gaba da yi shekara bayan shekara, a haɗa da dandaƙa da aikin hana haihuwa. Ta hanyar allurar karnuka ne Meziko ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, a 2019, cewa ta kawar da wannan cuta daga zama barazana ga jama'a ta hanyar kare. Manyan hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan babu wanda zai ƙara mutuwa da ita ta hanyar kare, kuma ba za a kai can da bindiga ba.

Wannan aikin, na kamawa da allura da dandaƙa da neman sabon gida, shi ne gidajen tsugunarwa ke yi kullum, galibi da kuɗin aljihun masu sa-kai. Wato aikin hukuma muke yi, ba tare da hukuma ta san da mu ba sai ranar da maƙwabta suka kai ƙarar haushi. Tausayin jama'a yana tashi a lokacin biki, a kawo mana barguna da kayan wasa har su yi yawa, muna godiya, amma abin da ke kashe gida irin namu shi ne kuɗin allura da tiyata da ruwa da albashin mai shara a watannin da kowa ya manta. Muna buƙatar fili da ba za a tashe mu daga kai ba, da allurar rigakafi a farashin da hukuma ke saye, da likitocin da za su ba da ko yini ɗaya a wata don aikin hana haihuwa. Muna kuma buƙatar ku sa ido a kanmu, domin ba kowane mai tara karnuka ne mai ceto ba, akwai gidajen da cunkoso da cuta suka mayar da su kurkuku, kuma ƙa'ida a rubuce za ta kare dabbobin ta kare sunanmu. Ga likitoci kuma, kalma ɗaya daga bakinku tana da tasiri: idan mutum ya zo neman shawarar wane kare zai saya, ku gaya masa akwai manyan karnuka masu natsuwa da aka riga aka san halinsu, an yi musu allura, suna jiran gida, sai dai ya jira hayaniyar biki ta lafa kafin ya ɗauka, domin karen da ya sha wuya yana buƙatar makonni na shiru kafin ya saki jiki da sabon wuri.

Ita waccan karyar a ƙarshe wani dattijo ne ya ɗauke ta, bayan mun sa mata ƙwayar shaida mun rubuta lambarsa a littafinmu, tun da babu wani littafin da za mu rubuta. Ƙafafunta sun warke, tsoron ne bai warke ba. Duk lokacin da biki ya matso sai ya kira ni ya tambaya yaushe za a fara harbe-harben, domin ya san ranar da zai fara ba ta magani da lokacin da zai rufe tagogi, ni kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Ina roƙonku ku zauna tare, aƙalla mako shida kafin biki mai zuwa, ku fitar da lokacin wasan wuta da jadawalin asibitocin da za su kwana a buɗe da lambar cigiya, domin idan ya sake kira in sami abin da zan karanta masa.

Na gode da sauraro, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai aikin sa-kai a gidan tsugunar da karnuka